Awa Biyun Mushe Ƙadri

A Mayahi, inda ake ce wa malamin boko mushe, in aka ambaci Mushe Ƙadri, abin da mutane kan fara faɗi shi ne mutumin ba ya iya zama. Ko gaisuwar mutuwa ya je, kafin a shafa fatiha ta biyu ya riga ya miƙe ya koma bakin zaure yana duban hanya. Ɗalibansa na lise, babbar sakandare, sun daina bin sa da ido, don daga allo zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga yake yi har a buga ƙarfen tashi. Ilimin haɗa sinadarai yake koyarwa, wanda yara ke kira shimi. Matarsa Rashida ungozoma ce, takan ce ta karɓi haihuwar yara sun fi ɗari biyar, ba ta ga wanda ya kai mijinta mutsu-mutsu ba.

An haife shi a Gidan Amumune a 1974, shekarar da sojoji suka fara karɓar mulki, rumbunan garin babu ko zangarniya. Yana ɗan shekara goma fari ya sake dawowa. Mahaifinsa Na Allah ya kora awakin da suka rage ya yi kudu, bayan shekara biyu labarin rasuwarsa ya iso ta bakin wani mai sayar da kanwa. Ƙanen mahaifiyarsa, Danda, ladanin masallacin unguwarsu, shi ya riƙe shi. Lokacin da iyaye ke ta cire ƴaƴansu daga lakwal, makarantar boko, suna tafiya da su ci-rani, Danda ya hana a taɓa Ƙadri. Bai ce yana son boko ba. Cewa ya yi a lakwal ana dafa abinci sau ɗaya a rana, a gida kuwa ba kullum ba.

Daga nan sai kwalej a Mayahi, lise a Maraɗi, jami'a a Yamai. Karatun shekara huɗu ya ci masa bakwai saboda yajin aiki da rufe makaranta, sojoji suka hau mulki sau biyu yana can. Da ya gama aka tura shi koyarwa a karkarar Tasawa, har da Kona, inda ya yi shekara shida yana zana wa yara kwalaben gwaji da alli a kan allo, kwalaben da shi kansa bai riƙe su sau goma ba. A 2006, yana da mata da ɗiya ɗaya, ya sami burs, wato tallafin karatu, na shekara uku zuwa wata jami'a a gabashin Faransa, don ya yi digirin dokta a ƙarƙashin wata furofesa.

Aikin da aka ba shi ya sha wuyar bayyana shi a gida. Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, a cikin kowace kuma akwai wasu siraran zare da ake kira aktin. Su ne ƙashin ƙwayar. Idan za ta yi tafiya, sai ta kafa sababbin zare a gaba ta warware na baya, kamar mai bukka da ke tsige karan baya yana kafawa a gaba har bukkar ta matsa. Akwai wani furotin da ke ɗaure reshe a jikin zaren, in babu shi ginin ba ya tsayuwa. Ƙwayoyin ciwon daji da shi suke rarrafawa daga inda suka tsira zuwa sauran jiki. Abin da ake nema wurin Ƙadri shi ne ya haɗa wani ɗan ƙaramin sinadari da zai shige cikin wani lungu na furotin ɗin ya cije, ya hana shi ɗaurin. Ba magani ba ne tukuna, abin bincike ne, ya kan maimaita wa duk wanda ya fara kiransa likita.

Labo, ɗakin gwaje-gwaje, ya dace da shi yadda babu wurin da ya taɓa dacewa da shi, don aiki ne na tsaye. Ya auna gari a ma'auni, ya zuba a kwalba mai zagayen gindi, ya jefa ɗan maganaɗisu da ke juya ruwan, ya tsoma gindin kwalbar a kaskon mai mai zafi, ya ruga ya wanke wata. Kowane sinadari da ya haɗa sai ya ba shi lamba ya miƙa wa masu kiwon ƙwayoyin halitta a bene na sama. Su kuma su shimfiɗa ƙwayoyin a faranti, su ja layi a tsakiya da tsinke, su duba ko za su rarrafo su rufe layin. Lamba ɗaya har zuwa ashirin da shida, duk ƙwayoyin sun rufe layinsu kamar ba a zuba musu komai ba.

Lamba ashirin da bakwai ya fito a watan Yuni na 2009. Matakinsa na ƙarshe shi ne mai wuya, inda doguwar sarƙar sinadarin za ta naɗo ta kama wutsiyarta ta zama zobe. Ranar da ya yi, ya tarar da gindin kwalbar cike da ƴan allurai rawaya-rawaya masu sheƙi. Sau uku ya yi shi cikin watan, sau uku alluran suka fito. Bayan kwana biyu aka kira shi bene na sama, ya sa ido a madubin ƙara girman abu, ya ga layin nan a buɗe fes, ƙwayoyin na nan da ransu amma sun tsaya a bakinsa. Furofesa, wadda ba ta cika yabo ba, ta dafa kafaɗarsa ta ce wannan shi ne tez ɗinsa, littafin da zai ba shi digirin.

Burs ya ƙare a Nuwamba. Aka shirya ya koma gida ya rubuta littafin, ya dawo bayan shekara ya kare shi a gaban malamai. Kafin ya taso sai da ya cika babban kayen labo, littafin rubuta aiki, wanda doka ta ce a rubuta shi kullum, shi kuwa ya bar shi da giɓin watanni. Yana da wani ɗan kaye na aljihu da yake yi wa kansa ƴan alamomi da Hausa yana cikin aiki. Daga nan ya kwashe komai zuwa babban kayen cikin sati biyu, da Faransanci mai tsabta, ya sa hannu, ya hau jirgi.

Ya dawo ya tarar damina ta yi gardama, hatsi bai yi ba daga Tasawa har Mayahi. Aka ba shi aji a lise. A Fabrairu rediyo ya kama kiɗan soja, aka ce an sake juyin mulki. Sababbin masu mulkin suka bari a faɗi kalmar yunwa a rediyo, abin da a da ake kewaye shi. Mata suka riƙa shigowa gari da ƙwarya a hannu, ƙauyuka suka rage sai tsofaffi. Rashida kan dawo daga aiki ta zauna ta faɗi nauyin jaririn da aka haifa ranar.

Cikin Afrilu wasiƙar furofesa ta zo ta intanet. Garin sinadari lamba ashirin da bakwai da ya bari ya ƙare a gwaje-gwaje, an sa wata sabuwar ɗaliba ta sake haɗa shi daga kayensa. Wata huɗu ke nan tana yi. Ta bi abin da ya rubuta daki-daki, zafi kaza, awa biyu, a huce, a tace. Abin da take samu wani mai ne ja mai danƙo. Ta gwada barinsa ya kwana a wuta, ya koma baƙi kamar kwalta. Ta canza kwalba, ta sayo sababbin sinadarai, duk ɗaya. Furofesa ta ce ba ta zarge shi da komai ba, amma abin da mutum ɗaya kaɗai ya taɓa gani ba ya shiga littafi. Ta ba shi zuwa ƙarshen Yuni ya faɗi yadda ya yi. In bai faɗa ba za ta cire ashirin da bakwai daga aikin, kuma dole ta kai maganar gaban kwamitin jami'a da ke bincikar sakamakon da ake shakka.

Ya karanta sau uku a gidan sibar, inda ake biyan kuɗi a shiga intanet, ya fito ya wuce babur ɗinsa ya tafi gida a ƙasa, sai da Rashida ta tambaye shi ya tuna. In aka cire ashirin da bakwai babu tez, wannan ya sani. Amma ba shi ne ke hana shi cin abinci ba. A can Faransa shi kaɗai ne baƙar fata a labon, shi kaɗai ke shimfiɗa darduma a ƙarƙashin matakala, kuma ya san yadda za a faɗi labarin a wurin shan kofi: wancan ɗan Nijar ɗin da ya ƙirƙiro sakamako ya gudu gida.

Wata biyu ya yi yana juya abin. Ɗan kayen aljihun ya koma baƙi da gumin hannu. Yakan buɗe shafin a tsakiyar darasi, a layin shan mai, a bakin masallaci, ya bi shi layi-layi yana gwadawa da hoton babban kayen da aka aiko masa, bai ga inda suka saɓa ba. Ya rubuta wa ɗalibar ta duba ko ruwa ya shiga sinadarin. Ta ce ta duba. Ya ce ta bar ɗigon ruwa ya shiga da gangan. Ta yi, ba a sami komai ba. Ya ce ko hasken taga ne, don teburinsa na kusa da taga. Amsoshinta suka riƙa gajarcewa, har ta koma rubuta kalma ɗaya. Wani lokaci yakan tsaya a tsakar gida ya rufe ido yana motsa hannuwa a iska, yana auna garin da babu, yana zubawa a kwalbar da babu, ko hannunsa zai tuna abin da kansa ya manta. Ɗiyarsu Mariyama ta tambayi uwarta ko baba ya fara rawa ne. Har ya kai ga tambayar kansa ko da gaske ya ga alluran nan.

Saura kwana tara wa'adin ya cika, Rashida ta ɗaure rabin buhun gero a bayan babur ta ce ya kai wa Kawu Danda, ko ba komai ta huta da jin takunsa. Hanyar Gidan Amumune rairayi ce, gefenta gawarwakin shanu sun bushe fata ta manne da ƙashi. An yi shuka da ruwan farko, ta fito ta ƙone, manoma na zaune suna duban gabas.

Ya sami Danda a filin gaban masallaci, tsaye ya ba rana baya, ya tuɓe takalmi. Tsohon ya duba inda inuwar kansa ta ƙare, ya sa wa wurin ido, ya fara takawa diddige na bin yatsa yana ƙirgawa a hankali. Haka yake gane lokacin salla tun kafin a haifi Ƙadri: in inuwarsa ta kai taki bakwai bayan wadda ta rage da tsakar rana, la'asar ta shiga. Samarin gari sun sha nuna masa agogon salula, yakan ce musu abin da batir ɗinsa ke mutuwa ba ya riƙe masa salla. Ya gama ƙirga ya ce saura taki ɗaya da rabi, suka zauna a gindin bedi.

Bai yi godiyar geron ba sai da ya tambayi ko an bar wa yarinya nata. Ya dubi Ƙadri ya ce ya rame, ko matar birni ba ta iya tuwo ba ne. Ƙadri ya ce aiki ne. Danda ya ce ai ya ji an ce aikin nasa hana wasu ƙwari tafiya ne, to ya fara da kansa mana, ga shi ko tabarma bai ɗumama ba yana karkaɗa ƙafa. Daga nan ya gangaro kan abin da ya fi damunsa game da ƙasar Turawa, wanda duk zuwa sai ya tambaya, wato inuwa. Taki nawa take da tsakar rana a can? Ƙadri ya ce da sanyi takan fi taki goma sha biyar, rana ba ta hawa sama, ana sallame azahar ba a jima ba la'asar ta shiga. Da zafinsu kuwa yini ba ya ƙarewa, azahar ɗaya da rabi, la'asar sai shida saura kwata, magariba tara da rabi.

Danda ya ƙirga da yatsu.

“Awa huɗu da wani abu tsakanin azahar da la'asar. To mi kuke yi da wanga lokaci duka?”

“Aiki, Kawu. In na sallame azahar sai in ɗora tukunyata bisa wuta, in la'asar ta yi in kashe in tahi salla. In bar ta nan cikin mai tana hucewa, sai na yi magariba in zo in tace.”

“Ashe kai ma ladan ne,” in ji Danda. “Ba ka duban agogo.”

Ƙadri ya sa hannu a aljihu. Ya ciro ɗan kayen ya buɗe shafin da ya karanta ya fi sau ɗari. Ga shi nan da rubutunsa: *az. zuwa la'as.*, a ƙasa kuma *huce, mag.* Duk karantawar da ya yi, idonsa na kaiwa nan kansa ke cewa awa biyu, ya wuce. Haka yake tun yana yaro a filin nan, azahar ƙarfe biyu, la'asar ƙarfe huɗu, rani da damina. Haka ya tsara darussansa a Kona inda makaranta ba ta da agogo. Lokacin da yake cika babban kaye cikin gaggawa, duk inda ya ga azahar zuwa la'asar sai ya rubuta awa biyu ba tare da ya tsaya ba. Maganar hucewa kuwa kalma ɗaya ya ba ta, ɗalibar tana tsoma kwalbar a ƙanƙara ta huce cikin minti biyar, shi kuwa kusan awa huɗu yake barinta tana sauka a hankali tare da man.

Danda ya tashi ya sake taka inuwarsa ya kira salla. Ƙadri ya bi sahu, amma bai san surar da ya karanta ba. Ana sallamewa ya hau babur.

Rashida ta saurare shi tana tsintar tsakuwa a shinkafa. Da ya gama ta ce to alhamdu lillahi, ya rubuta musu su gwada awa huɗu su bar shi ya huce a hankali, shi ke nan. Ya ce ba shi ke nan ba, za a tambaye shi daga ina awa biyu ta fito. Ta ce ya ce kuskuren alƙalami ne, wa bai taɓa yi ba, ita kanta ta taɓa rubuta namiji a takardar ɗiya mace. Ba ƙarya ba ce ƙwarai, kuma ba wanda zai bincika. Amma in ya ce musu shekara uku da lokutan salla yake auna aikinsu, kuma ya cika kayen watanni cikin sati biyu ya sa ranakun baya, ya ba su wuƙa da hannunsa.

Ya san gaskiya ta faɗa. Ya zagaya tsakar gidan ya dawo ya ce mata matsalar ba ashirin da bakwai kaɗai ba ce. Gwaji arba'in da uku ne a kayen da ya rubuta musu lokaci ta wannan hanya. Waɗanda ya yi da sanyi sun yi kusa da daidai, na bazara da kaka kuwa Allah kaɗai ya san nisan su. Wani zai zo bayan shekara biyar ya buɗe kayen ya bi.

“Wani,” ta ce. “Kai kuma fa? Shekara uku na yi ni ɗaya da yarinyar nan.”

“Wata huɗu ɗiyar mutane ta yi tana tsammanin ita ce ba ta iya ba.”

Rashida ta zubar da tsakuwar da ke hannunta ta ce ya yi abin da zai bar shi ya zauna wuri ɗaya, ita dai ta gaji.

Washegari sibar ta Mayahi ba ta da layi, aka ce sai Tasawa. Ya isa da hantsi, ya tarar babu wuta, mai gidan ya tafi neman esansi, wato fetur, na injin wuta. Ya yi ta kai da kawowa a bakin titi, motocin taimakon abinci na wucewa da soja ɗaya a kan kowace. Da aka tada inji ya zauna ya rubuta gajerar wasiƙa, layi uku, yadda Rashida ta ce. Ta yi kyau, ba ta da abin kamawa. Ya tashi ya fita ya sha ruwa ya dawo ya sake karanta ta. Sai ya tuna kalma ɗayar nan da ɗalibar ta koma aiko masa, *babu*, ba gaisuwa ba sa hannu, ya san yadda mutum yake in ya kai nan, don ya yi lamba ashirin da shida kafin nasa ya zo. Ya goge layukan ukun.

Ta biyun ta ci masa awa ɗaya da rabi. Ya bayyana mene ne azahar da la'asar, da yadda tazararsu ke tsayawa wuri ɗaya a ƙasarsa tana miƙewa tana ƙanƙancewa a tasu. Ya faɗi cewa bai duba agogo ba, ya faɗi lokacin da ya cika kayen da yadda ya cika shi. Ya ce lambobin lokaci arba'in da uku ba aunawa aka yi ba, fassarawa aka yi, kuma fassarar ba daidai ba ce. Ya ba da ranaku ukun Yuni ya ce a gwada awa huɗu da kwata, a kashe wuta a bar kwalbar cikin man awa uku da minti arba'in da biyar. Ya roƙi ɗalibar gafara da sunanta. Ya aika kafin ya sake karantawa, don ya san in ya karanta zai fara ragewa.

Wa'adin ya zo ya wuce ba amsa. Ruwa ya sauka a farkon Yuli kamar da bakin ƙwarya, aka sake shuka, gari ya yi kore alhali tukwane na nan yadda suke. Kullum in an tashi daga gyaran takardun jarrabawa sai ya biya sibar. Ran kwana na goma sha shida da aika wasiƙar ya tarar da saƙo biyu.

Na farko daga ɗalibar ne, hoto ne kawai: gindin kwalba, da ƴan allurai rawaya. A ƙasa ta rubuta cewa sun fito tun gwajin farko, ta maimaita sau biyu, an kai bene na sama ƙwayoyin sun tsaya. Ya daɗe yana kallon hoton, har mai sibar ya tambaye shi ko wani aka haifa.

Na furofesa ya fi tsawo kuma babu ɗumi a cikinsa. Ta ce ta yi murna sinadarin gaskiya ne, ba ta yi murna da sauran ba. Ta sanar da kwamiti da kanta, tare da wasiƙarsa. Sun yarda ba ƙirƙira ba ce, sakaci ne, amma cika kaye da ranakun baya laifi ne da za a rubuta a fayil ɗinsa. An ɗaga kare tez ɗin da shekara guda, kuma jami'a ba za ta ɗauki nauyin dawowarsa ba, sai ya nemi hanya. Kafin nan dole ya gyara lokutan nan arba'in da uku ɗaya bayan ɗaya, da hujja, a sa su a ƙarshen littafin tare da bayanin dalili, inda duk mai karantawa zai gani. A haɗe da saƙon akwai hotunan jadawalin salla na garin, na shekara uku. Ɗalibar ce ta je masallacin garin da kanta, ta ɗaura gyale, ta roƙi limamin tsofaffin kalandunsa.

Ya buga su a takarda, shafi talatin da shida, ya kai gida cikin riga saboda yayyafi. Rashida ta karanta wasiƙar furofesa a tsaye, ta kai wurin shekara guda ta tsaya, ta kai wurin kuɗin jirgi ta sake tsayawa. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta ninke ta ta miƙa masa ta shiga madafa, kwana biyu maganarsu ba ta wuce ta abinci ba.

Ran Lahadi da hantsi ta shimfiɗa tabarma a rumfa ta ce ya kawo takardun, in ya yi shi kaɗai sai ya sake fassara wani abu. Ita ke riƙe da jadawalin, shi da ɗan kayen. Ya faɗi rana da wata, ta bi layi da yatsa ta karanto azahar da la'asar, ya cire ya rubuta. Lamba huɗu, awa ɗaya da minti hamsin. Lamba sha ɗaya, uku da kwata. Wani wurin ta yi tsaki ta ce wannan kam ka yi nisa, Mushe. Sau biyu ya miƙe zai zagaya, ta ce in ya tashi ita ma ta tashi.

A gwaji na talatin da ɗaya suka tsaya. Alamar da ke kayen *az.* ce kawai da ɗan layi, babu komai a gabanta. Ya tuna ranar, an yi taron labo da ya ja, ya haɗa azahar da la'asar a makare, bai san ko kafin taron ya kashe wutar ko bayansa ba. Rashida ta duba na sama da na ƙasa ta ce duk wajen awa uku ne, ya sa uku, ba zai yi nisa ba. Ya juya bik ɗin da yake rubutu da shi a hannu ya ce watakila ma ukun ne. Sannan ya rubuta a gurbin, da Faransanci, cewa ba a san lokacin ba, a sake gwajin.

Ta leƙa ta gani, ta gyara zama, ta ce ya faɗi rana ta gaba.